Baƙon da ba ya sallama: tarihin wasiƙun shara

Ya kai mai karatu, ina tsammani wannan abu ya taɓa faruwa gare ka. Ka dawo daga gona, ka ci tuwo, kana hutawa bisa tabarma, sai wayarka ta yi ƙara. Ka duba, ka ga saƙo. Ka yi zaton ɗanka ne da ya tafi cin rani, ko ƙanenka da ke Yamai. Ka natsu ka karanta, sai ka tarar wani ne wanda ba ka sani ba. Ko ya ce ka ci jika 500 cikin wata caca wadda ba ka shiga ba, ko ya ce yana da maganin kowace cuta, ko kuwa ya ce ya aiko maka kuɗi cikin kuskure, ka taimaka ka mayar masa.

Irin wannan saƙo Turawa suna ce masa spam. Mu za mu kira shi wasiƙar shara, don daga karantawa sai zubarwa. Kada ka ɗauka kai kaɗai aka aiko wa. Saƙon da ka gani, mutum dubbai sun gan shi a daren nan. Abin kuma ya daɗe ƙwarai. Ya girmi wayar hannu, ya girmi kwamfuta. Yau za mu ba ka tarihinsa: inda ya samo asali, abin da ya sa ya yawaita, da irin faman da aka yi wajen tsare ƙofa don kada ya shigo.

Wasiƙu daga kurkuku

Mu fara da ƙasar Faransa. A shekarar 1789 talakawan Faransa suka yi juyin mulki. Sarakuna da manyan masu dukiya suka watse, wasu aka kashe su, wasu suka gudu ƙasashen waje. Ƙasa ta cika da labarin dukiyar da masu gudu suka binne.

Sai wasu fursunoni da ke kurkuku kusa da birnin Paris suka ga hanyar samu. Suka riƙa rubuta wasiƙu suna aika wa masu hali a garuruwa. Mai wasiƙar yakan ce shi baran wani babban mutum ne. Ya ce sa'ad da suke gudu shi da ubangidansa sun ɓoye akwati cike da zinariya kusa da garin wanda aka rubuta wa. Ya ce yanzu ga shi a ɗaure, ba shi da ikon zuwa, amma in aka aiko masa ɗan kuɗi zai faɗi inda akwatin yake, a raba. Wanda ya aika kuɗi, ya aika ke nan. Babu akwati, babu zinariya.

Wanda ya bar mana wannan labari sunansa Vidocq. Shi ma tsohon fursuna ne, daga baya ya zama shugaban ƴan sandan ciki na Paris. Cikin littafin da ya buga a 1836 ya ce in aka aika irin wasiƙun nan 100, akan sami amsar 20.

Ka riƙe wannan labari, za mu sake gamuwa da shi. Ka kuma lura da abu guda. Fursunan nan da hannunsa yake rubuta kowace wasiƙa. In hannu ya gaji, aiki ya tsaya.

Wa ke biyan kuɗin wasiƙa?

A da, a ƙasar Ingila, wanda aka kawo wa wasiƙa shi ne yakan biya kuɗinta. Ma'aikacin gidan waya zai tsaya ƙofarka, ya faɗi kuɗi. In hanya da nisa, kuɗin da yawa. Kana iya biya ka buɗe, ka tarar babu wani abin kirki ciki. Saboda haka mutane da yawa sukan ƙi karɓa.

Wani malamin makaranta, Rowland Hill, ya kawo shawara a juya abin. Ya ce mai aikawa shi ya kamata ya biya, tun kafin wasiƙa ta tashi, kuma kuɗin ya zama kaɗan, iri ɗaya ko'ina cikin ƙasa. Aka yarda. A watan Mayu 1840 aka fara aiki da tambur na farko a duniya. Kuɗinsa kwabo ɗaya na Ingila, da hoton kan Sarauniya Biktoriya a jikinsa. Har yau a Nijeriya kan sarki ake ce wa tambur.

Wannan ƙaramar takarda ta yi aiki babba. Ta sauƙaƙa wa talaka aika wasiƙa, ta kuma zama takunkumi ga mai son damun mutane. In kana son aika wasiƙa 1,000, sai ka sayi tambur 1,000. Dole ka yi lissafi tukuna.

Duk da haka masu talla ba su haƙura ba. A watan Mayu 1864, da dare, aka kai wa wasu ƴan majalisar Ingila saƙon wayar tangaraho. A zamanin nan ba a buga tangaraho sai abu mai nauyi ya faru, kamar mutuwa ko yaƙi. Suka buɗe da faɗuwar gaba. Ashe wasu masu gyaran haƙori ne na birnin Landan, masu suna Gabriel, suke sanar da lokacin da suke buɗe wurin aikinsu. Ɗaya daga cikin waɗanda aka aika wa ya fusata, ya rubuta wa jaridar Times yana tambaya, da wane iko mutanen da bai taɓa hulɗa da su ba za su tayar masa da hankali saboda talla? Tambayar nan tasa ita ce muke yi har yanzu.

Wasiƙa ta shiga kwamfuta

Kwamfuta inji ne mai lissafi da ajiyar rubutu. Wayar zamani da kake gani hannun samari ita ma ƙaramar kwamfuta ce. A 1969, a ƙasar Amurka, aka haɗa kwamfutoci na wurare 4 da waya don su riƙa musayar bayani. Ma'aikatar tsaron ƙasar ce ta ba da kuɗin aikin. Aka sa wa wannan haɗi suna Arpanet. Shi ne kakan intanet.

A 1971 wani injiniya, Ray Tomlinson, ya gano yadda mutum zai rubuta saƙo a kwamfutarsa ya faɗa kwamfutar wani a wani gari. Shi ne ya zaɓi alamar nan @, mai kama da harafin a da ya naɗe wutsiyarsa, ya sa ta tsakanin sunan mutum da sunan kwamfutarsa. Irin wannan wasiƙa ita ce imel. Ba ta son takarda, ba ta son tambur, kuma ba ta kwana a hanya.

A lokacin masu aiki da Arpanet kaɗan ne, malaman jami'a da ma'aikatan gwamnati. Kamar ƙauye ne, kusan kowa ya san kowa. Sunayensu duka suna cikin littafi guda da aka buga. Babu mai gadi, don ba a ga bukatarsa ba. Kunya ita ce ke tsare ƙofa.

A farkon watan Mayu 1978 wani ɗan tallan kamfanin Digital Equipment, mai suna Gary Thuerk, ya ɗauki littafin nan. Kamfaninsa ya ƙera sabuwar kwamfuta, yana son mutane su zo su gani a jihar Kalifoniya. Maimakon ya rubuta wa kowa tasa wasiƙa, sai ya sa aka kwafe sunan mutum kusan 400, aka aika musu saƙo guda gaba ɗaya. Sunayen suka yi yawa har suka cika gurbinsu, suka malala cikin jikin wasiƙar.

Mutane suka yi ca. Jami'in soja mai kula da Arpanet ya ja kunnen kamfanin, ya ce an yi haɗin nan don aikin gwamnati, ba don ciniki ba. Thuerk bai sake ba. Amma daga baya shi da bakinsa ya ce saƙon nan ya jawo cinikin miliyoyin dalar Amurka. Kada ka haɗa dalar Amurka da dalarmu ta sefa, tasu ta fi tamu nesa ba kusa ba. Wannan ita ce ake lissafawa wasiƙar shara ta farko a kwamfuta.

Lauyoyi biyu da naman gwangwani

Aka yi shekaru abin bai yi yawa ba. Sai intanet ya buɗe ga kowa, ƙauye ya zama birni. Baƙi suka shigo, kunya ta ragu.

Ran 12 ga Afrilu 1994 wasu lauyoyi biyu, miji da mata, Laurence Canter da Martha Siegel, na jihar Arizona, suka watsa talla guda a wurare fiye da 5,000 cikin intanet. Kwamfuta ce ta yi musu aikin cikin ɗan lokaci. Suna tallan taimaka wa baƙi shiga cacar takardar zama a Amurka. Alhali a lokacin shiga cacar nan kyauta ne, kowa yana iya aika sunansa da kansa. Su kuwa sai an biya su.

Dubban mutane suka mayar musu da zagi, har kwamfutar kamfanin da ke ba su layi ta kasa ɗauka. Kamfanin ya yanke musu layi. Ko a jikinsu. Suka ce sun sami cinikin dala 100,000, suka kuma rubuta littafi suna koya wa wasu yadda ake yi. A 1997 kotun jihar Tenesi ta hana Canter aikin lauya. Amma ƙofa ta riga ta buɗe.

Sunan spam kuwa daga abinci ya fito. Tun 1937 wani kamfanin Amurka, Hormel, yake sayar da naman alade cikin gwangwani da wannan suna. Lokacin yaƙin duniya na biyu an ci shi a Ingila har ya gundure su. A 1970 wasu ƴan wasan ban dariya, Monty Python, suka yi wasa a talabijin na BBC. Cikin wasan, mata da miji sun shiga gidan abinci, kusan kowane abinci aka faɗa musu da naman nan ciki. Wasu mutane kuma a gefe suna ta nanata sunan da ƙarfi, har ba a jin maganar kowa. Daga nan masu kwamfuta suka ari sunan, suka laƙaba wa saƙon da ba a so, wanda ke yawaita har ya danne maganar kirki.

Me ya sa abin ya ƙi ƙarewa?

Ka tuna da tambur. Ka tuna da hannun fursuna mai gajiya. Imel ya kawar da su duka biyu. Aika wasiƙa ɗaya da aika miliyan, kuɗinsu kusan ɗaya ne ga mai aikawa. Wahala tana kan mai karɓa. Shi zai ɓata lokacinsa, shi zai biya kuɗin layi, kamfanin da ke ajiye masa wasiƙu kuma shi zai sayi manyan injuna. Ka ga an koma gidan jiya, kamar kafin 1840. Mai wasiƙar shara kamar mai sakin awakinsa ne cikin gonar mutane. Shi da nono, kai da ɓarna.

Watakila ka ce, to wa ke amsa irin wannan saƙo? Masana sun bincika. A 2008 wasu malaman jami'ar Kalifoniya suka kutsa cikin injunan wasu masu tallan magani, suka ƙirga. Cikin kwana 26 an aika wasiƙa kusan miliyan 350. Waɗanda suka nemi saye mutum 28 ne kacal. In da tambur ake saye, da mai wannan sana'a ya karye tun ranar farko. Amma da yake iri kyauta ne, gonar kuma ta wani ce, ko zangarniya ɗaya ya samu riba ce.

Masu tsaron ƙofa

Da abin ya ishi mutane, sai aka shiga neman mai gadi. An gwada hanyoyi iri iri, kowace da amfaninta da aibinta.

Hanya ta farko ita ce baƙin littafi. Kowace kwamfuta mai aika wasiƙa tana da lamba, kamar lambar mota. A 1997 wani injiniya na Amurka, Paul Vixie, ya fara tara lambobin kwamfutocin da ke zubo shara, yana ba duk mai so. Wasiƙar da ta fito daga lambar da ke cikin littafin, sai a ƙi karɓarta tun daga ƙofa. A 1998 wani Bature, Steve Linford, ya kafa ƙungiyar Spamhaus a Ingila don irin wannan aiki.

Baƙin littafi ya yi amfani, amma ya haifi gardama. Sau da yawa mutane masu yawa suna aika wasiƙunsu ta kwamfuta ɗaya. In ɗayansu ya yi laifi aka toshe lambar, duka sun shiga. Wake ɗaya ke ɓata gari. Wasu kuma suka ce, wa ya naɗa waɗannan alƙalai? In sun sa sunanka bisa kuskure, ina za ka kai kuka? A 2006 wani kamfanin talla na Amurka ya kai Spamhaus ƙara don ta sa shi cikin littafinta. Da fari kotu ta ce a biya kamfanin dala miliyan 11 da dubu 700. Aka yi ta ɗaukaka ƙara shekara 5. A 2011 babbar kotu ta rage kuɗin, ya koma dala 3.

Hanya ta biyu ita ce rariya. A watan Agusta 2002 wani masanin kwamfuta, Paul Graham, ya bayyana dabarar da ya gwada bisa wasiƙunsa. Ya kasa su kashi biyu, na kirki da na shara. Ya sa kwamfuta ta ƙirga kalmomin kowane kashi. Kalmar da ta cika fitowa cikin shara, kwamfuta ta san ta. Wadda ta cika fitowa cikin wasiƙun abokai, ita ma ta san ta. In sabuwar wasiƙa ta zo, sai ta auna kalmominta, ta ga inda ta fi karkata. Lissafin da ake yin wannan awo da shi tsoho ne, na wani limamin coci ne ɗan Ingila, Thomas Bayes, wanda ya mutu a 1761.

Masu shara su ma ba su yi barci ba. Suka riƙa ɓata rubutun kalmomi da gangan don kada rariya ta gane. Suka riƙa sa tallansu cikin hoto. Masu rariya suka sake dabara, su ma suka sake. Haka ake yi har yau.

Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ramukanta suka yi faɗi, tsakuwa ta wuce. In suka yi ƙanƙanta, gari ya maƙale. Graham da kansa ya ce ɓatar da wasiƙar kirki ɗaya ya fi muni bisa ga barin shara ta wuce. Ka duba, in wasiƙar da aka tare ta kiran aiki ce, ko ta sanar da rasuwa fa? Don haka ba a ƙone abin da rariya ta tare. Akan ajiye shi cikin wani akwati dabam, mai wasiƙa ya leƙa in ya so.

Hanya ta uku ita ce doka. Nan ma ra'ayi ya rabu. A 2002 ƙasashen Tarayyar Turai suka ce mai talla ba shi da ikon aiko wa mutum imel sai ya nemi yardarsa tukuna. Faransa ta sa wannan cikin dokarta a 2004. Wato sai ka yi sallama an amsa kafin ka shiga. Amurka kuwa, cikin dokarta ta Disamba 2003, ta ce mai talla yana iya aikowa, amma kada ya ɓoye sunansa, kada ya yi ƙarya bisa kan wasiƙar, in kuma aka ce ya daina, ya daina cikin kwanakin aiki 10. Wato ka shiga, sai in an kore ka. Mutane da yawa suka ce wannan doka ta yi sassauci. An dai hukunta wasu. Sanford Wallace, wanda ake yi wa laƙabi da sarkin spam tun shekarun 1990, kotu ta ɗaure shi wata 30 a 2016, bayan ya watsa saƙo fiye da miliyan 27 a Facebook.

A watan Janairu 2004 Bil Gets, mai kamfanin Microsoft, ya ce nan da shekara 2 za a gama da wasiƙun shara. Cikin dabarun da ya ambata har da mayar da wani abu mai kama da tambur, don mai aikawa ya ji a jikinsa. Shekara 2 ta zo ta wuce, shara sai ƙaruwa ta yi.

Kwamfutocin sata

Ga abin da ya faru. Da baƙin littafi ya matsa musu, masu shara suka daina aikawa da injunansu. Suka riƙa sa wa kwamfutocin mutane wata cuta ta ɓoye. Mai kwamfuta yana aikinsa bai san kome ba, ita kuwa tana ta aika shara da umurnin wani da ke wata ƙasa. Kamar a ɗauki jakinka da dare a yi sata da shi, a mayar da shi turke kafin asuba. Wajen 2008 zuwa 2010, cikin kowace imel 10 da ke yawo a duniya, kusan 9 shara ce.

Sai masu gadi suka bar bin jakuna, suka nemi gidan ɓarayin. A watan Nuwamba 2008 wani ɗan jarida, Brian Krebs, ya tona asirin kamfanin McColo na Kalifoniya, inda ake ba kwamfutocin sata umurni. Aka yanke wa kamfanin layi. Nan take shara ta ragu da wajen kashi 2 cikin 3 a duniya duka. Bayan ƴan watanni ta dawo, don ɓarayin sun sake gida. A watan Maris 2011 Microsoft, da izinin kotu, ta rushe wata babbar rundunar kwamfutocin sata mai suna Rustock, wadda ta kai wajen miliyan 1. Sannu a hankali abin ya yi sauƙi. A watan Yuni 2015 kamfanin Symantec ya ce shara ta koma ƙasa da rabin imel na duniya, abin da ba a gani ba tun 2003. A 2024 kamfanonin Google da Yahoo suka ƙara sharaɗi ga masu aika wasiƙu da yawa: su tabbatar da ko su wane ne, su kuma ba mai karɓa hanya mai sauƙi ta cewa ya isa.

Akwatin zinariya ya dawo

Yanzu mu matso kusa da gida. Ka tuna da fursunonin Paris? Dabararsu ba ta mutu ba. A shekarun 1980 ta sake fitowa da ƙarfi a Nijeriya, da fari ta gidan waya, daga baya ta imel. Akwatin zinariya ya zama kuɗin man fetur, ko dukiyar wani babba da ya mutu. Sauran duk ɗaya ne: aiko kaɗan, ka sami mai yawa. Ana ce wa wannan zamba 419, don ita ce lambar sashen dokar Nijeriya da ke hukunta damfara.

Kada ka ce sai marar ilimi ake cuta. Tsakanin 1995 da 1998 wani ɗan Nijeriya, Emmanuel Nwude, da abokansa suka yaudari wani babban ma'aikacin bankin Noroeste na ƙasar Birazil. Suka sayar masa da kwangilar filin jirgin sama a Abuja, filin da babu shi. Kuɗin da bankin ya yi hasara ya kai dala miliyan 242. Nijeriya ta kafa hukumar EFCC a 2003 don yaƙi da irin wannan laifi, a 2005 kuma kotu a Legas ta ɗaure Nwude.

Masu wannan sana'a suna cikin ƙasashe da yawa, ba Nijeriya kaɗai ba. Amma sunan ya manne, kuma mutanen kirki sun sha wahalarsa. Ɗan kasuwa mai gaskiya ko ɗalibi mai neman makaranta yakan aika wasiƙa daga yankinmu, mai gadi na can ya dube ta da zargi, ko rariya ta jefa ta akwatin shara. Nijar ma a 2019 ta kafa dokar hukunta laifuffukan da ake yi ta kwamfuta da waya.

Sharar da muke kai wa juna

Akwai wata irin shara wadda ba baƙo ke kawo ta ba. Aboki ne ko ɗan uwa yake turo maka, kai ma ka tura gaba. A 2017 da 2018, a ƙasar Indiya, jita-jita ta bazu ta WhatsApp cewa masu satar yara suna yawo ƙauyuka. Mutane suka riƙa far wa baƙi masu wucewa, aka kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Kamfanin WhatsApp ba ya iya karanta saƙon mutane, don a kulle yake tafiya, saboda haka rariyar kalmomi ba ta aiki a nan. Sai ya rage faɗin ƙofa. A watan Yuli 2018 ya ce a Indiya ba a tura saƙo wuri fiye da 5 a lokaci guda. A Janairu 2019 ya sa wannan iyaka a duniya duka. A Afrilu 2020 ya ce saƙon da ya riga ya sha yawo, wuri 1 kaɗai za a iya tura shi a lokaci guda. Ka ga an koma ga hikimar da: a bar hannu ya gaji.

Ƙofar ƙarshe taka ce

To, mai karatu, ka ji tarihi. Shekara fiye da 200 ke nan, kayan aiki suna sakewa, daga alƙalami zuwa tangaraho, daga tangaraho zuwa wayar da ke aljihunka. An yi baƙin littafi, an yi rariya, an yi doka. Sun tare da yawa, ba su tare duka ba. Abin da ya kuɓuce musu, gare ka zai iso.

In saƙo ya ce ka ci cacar da ba ka shiga ba, share shi. In ya ce ka aiko kuɗi kaɗan don ka karɓi mai yawa, ka tuna da akwatin fursunonin Paris. Banza ba ta kai zomo kasuwa. In ya ce an aiko maka kuɗi cikin kuskure, duba asusunka da kanka tukuna, ko ka tafi wurin wakilin kamfanin da ka sani ido da ido. Lambar sirrinka kuwa kada ka faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake kira. In an turo maka labari mai tada hankali, tambayi wanda ya turo inda ya samo shi kafin ka tura gaba.

Ka kuma karanta wa maƙwabcinka wannan tarihi, musamman tsofaffi waɗanda ake karanta wa saƙo. A garinmu baƙo yakan tsaya zaure, ya yi sallama, ya faɗi sunansa da inda ya fito, kana a shimfiɗa masa tabarma. Wanda ya shigo ta waya ma a yi masa wannan tambaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.